Sanyin Jiki a Lokacin Tiyata: Daga Ina Yake Zuwa, Kuma Yaya Ake Kare Majinyaci?

Wata ma'aikaciyar jinya da ba ta daɗe da komawa sashen tiyata ba ta aiko da tambaya. Ta ce ta lura majinyata da yawa suna isowa ɗakin farfaɗowa jikinsu sanyi ƙalau, wasu ma suna karkarwa har gado na motsi, alhali an lulluɓe su da zannuwa tun farkon aiki. Tana son sanin abin da ke jawo haka, ko yana da illar da ta wuce rashin jin daɗi, da kuma abin da ya kamata a yi.

Malama, abin da kika gani gaskiya ne, kuma yana cikin matsalolin da suka fi aukuwa a ɗakin tiyata, duk da cewa an fi yi masa riƙon sakainar kashi. A ƙa'idar likitoci, idan zafin cikin jikin majinyaci ya yi ƙasa da digiri 36 a ma'aunin Salshiyas, to sanyi ya shige shi, kuma hakan yana taɓa warkewar rauni, da zubar jini, da aikin zuciya, da saurin farfaɗowa. Abin da na fi so ki riƙe shi ne, mafi yawan faɗuwar zafin tana faruwa ne a cikin awa ɗaya ta farko bayan an ba da maganin barci, kuma musabbabinta yana cikin jikin majinyacin kansa. Wanda ya jira sai ya ga karkarwa kafin ya nemi bargo ya makara da awanni.

A jikin mutum mai lafiya, zafi bai bazu daidai wa daida ba. Kai da ƙirji da ciki, inda ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta suke, suna zaune ne a kusan digiri 37, amma hannuwa da ƙafafu da fata sukan kasa haka da digiri 2 zuwa 4. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda ake kira haifotalamas, shi ke tsare wannan bambanci. Da zarar zafin ciki ya sauka da abin da bai kai rabin digiri ba, sai ya tsuke jijiyoyin jinin fata da na yatsu domin jini mai ɗumi ya tsaya a ciki, in hakan bai wadatar ba ya tayar da karkarwa don tsoka ta samar da zafi. Ban da wannan kuma, mutumin da yake a farke yakan jawo mayafi ko ya canza wuri, kuma wannan dabarar ta fi duk sauran ƙarfi.

Maganin barci yana rusa wannan tsari gaba ɗaya. Majinyaci ba zai iya jawo mayafi ba, ƙwaƙwalwa ba ta ƙara mayar da martani sai zafi ya faɗi da digiri 2 ko fiye, sannan magungunan da kansu suna buɗe jijiyoyin jinin da suke a tsuke. Sai jini mai ɗumi ya kwarara daga ciki zuwa gaɓoɓi masu sanyi, mai sanyi kuma ya dawo ciki, kamar yadda ake sirka ruwan zafi da na sanyi: babu ɗigon da ya zube, amma zafin ya ragu. Ta haka ne zafin cikin jiki yake sauka da rabin digiri zuwa digiri 1.5 a awa ta farko, wani lokaci tun wuƙa ba ta taɓa fata ba. A nan ne amsar mamakinki game da zannuwa take. Zane yana rage fitar zafi daga fata zuwa waje, amma ba shi da ikon hana zafi tashi daga ƙirji ya koma cinya. Hasali ma idan kika taɓa hannun majinyaci a wannan lokaci za ki ji shi da ɗumi, ɗumin da aka ɗebo daga inda aka fi bukatarsa.

Bayan awa ta farko, zafin yakan ci gaba da sauka a hankali na tsawon awa biyu zuwa uku, kuma yanzu asara ce ta gaske, domin abin da ke fita ya fi abin da jiki ke samarwa. Jikin da ke cikin barcin magani yana rage samar da zafi da wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Mafi yawan zafin yana tashi ne kai tsaye daga fata zuwa bango da rufi da kayan aiki masu sanyi ba tare da sun taɓa juna ba, sai kuma wanda iskar ɗaki ke kwashewa tana wucewa. Maganin wanke fata da ke bushewa a jiki, da buɗaɗɗen ciki da hanji ke fitar da tururi, da ruwan da ake ƙarawa ta jijiya, kowanne yana ɗaukar rabonsa. Idan zafi ya sauka zuwa wajen digiri 34.5, jijiyoyin jini sukan sake tsukewa, sai lambar da ke kan allo ta tsaya wuri ɗaya. Kada wannan tsayuwar ta ruɗe ki, domin gaɓoɓi suna ci gaba da hucewa a lokacin.

Allurar kashin baya, wadda ake yi majinyaci yana farke, tana da nata haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Tana buɗe jijiyoyin jinin rabin jiki na ƙasa, tana hana su sake tsukewa, kuma ƙwaƙwalwa takan ɗauka ƙafafun da aka kashe suna da ɗumi. Saboda haka majinyaci yana iya ce miki ba ya jin sanyi alhali zafinsa ya sauka, kuma tun da yana magana, sau da yawa babu wanda ya damu da aunawa. Matan da ake yi wa tiyatar haihuwa su ne aka fi ganin haka a kansu. Idan kuwa aka haɗa allurar baya da maganin barci a aiki ɗaya, faɗuwar ta fi tsanani.

Game da illa, wadda ta fi jan hankalin masu bincike ita ce ruɓewar rauni. Idan jijiyoyin fata suka tsuke, iskar oksijin da ke isa bakin rauni takan ragu, fararen ƙwayoyin jini kuwa da oksijin suke kashe ƙwayoyin cuta, sannan sanyi da kansa yana rage musu kuzari. A shekarar 1996, Andrea Kurz da Daniel Sessler da Rainer Lenhardt sun wallafa bincike a mujallar New England Journal of Medicine a kan majinyata 200 da aka yi wa aikin babban hanji. A cikin waɗanda aka bari suka huce zuwa ƙasa da digiri 35, kashi 19 cikin 100 rauninsu ya kamu da cuta, a cikin waɗanda aka ɗumama kuwa kashi 6 ne kacal, kuma rukunin farko sun ƙara kwana biyu da wani abu a asibiti. Wannan binciken ne ya sa likitocin fiɗa da yawa suka daina ɗaukar zancen ɗumi a matsayin damuwar mai ba da maganin barci shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ɗumama majinyaci cikin shawarwarinta na hana ruɓewar raunin tiyata a 2016.

Zubar jini ita ce ta biyu, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a aikace. Sinadaran da ke daskarar da jini suna aiki ne a zafin jiki na asali, kuma ƙananan ƙwayoyin da ke fara toshe jijiyar da ta tsage ba sa manne wa juna sosai idan sun yi sanyi. Wani bincike da aka buga a mujallar The Lancet a 1996 ya nuna cewa majinyatan da aka yi wa aikin sauya ƙugu waɗanda suka huce da ƙasa da digiri 2 sun yi asarar jini da ya ɗara na sauran da kimanin rabin lita. Wani nazari na 2008 da ya tattara bincike da dama ya gano cewa faɗuwar da ba ta wuce digiri 1 ba tana ƙara zubar jini da kusan kashi 16 cikin 100, tana kuma ƙara yiwuwar bukatar ƙarin jini da kusan kashi 22. Akwai kuma wani tarko: ɗakin gwaji yana auna daskarewar jini ne bayan ya ɗumama samfurin zuwa digiri 37, don haka sakamako yana iya fitowa lafiya lau alhali jinin da ke jikin majinyaci mai digiri 34 ya ƙi tsayawa. A wurin wanda ya yi mummunan hatsari, sanyi da tsamin jini da rashin daskarewa suna haɗuwa, kowanne yana rura wutar ɗan'uwansa, kuma idan suka kankama da wuya a kwato rai.

Zuciya ma tana shan wahala, musamman bayan farkawa, lokacin da jiki ya gane ya yi sanyi ya saki sinadaran da ke ɗaga hawan jini da bugun zuciya. Steven Frank da abokan aikinsa sun nuna a 1997, a kan majinyata 300 masu haɗarin ciwon zuciya, cewa matsalolin zuciya sun auku ga kashi 6.3 cikin 100 na waɗanda suka huce, da kashi 1.4 na waɗanda aka ɗumama. Magunguna kuma sukan daɗe a jiki domin hanta da ƙoda sun rage gudu. Wani maganin sassauta tsoka da ake kira bekuroniyam, alal misali, tsawon aikinsa yana ninkawa idan zafi ya faɗi da digiri 2, sai majinyaci ya makara wajen farkawa da numfashi da kansa.

Ya kamata in yi adalci a nan, domin ilmin bai tsaya a 1997 ba. A 2022 an wallafa wani babban gwaji mai suna PROTECT a The Lancet, wanda aka gudanar a asibitocin ƙasar Sin da Cleveland Clinic ta Amurka a kan majinyata sama da 5,000. An riƙe rabinsu a digiri 37, rabi kuma a wajen 35.5, kuma ba a ga bambanci ba a raunin zuciya, ko ruɓewar rauni, ko ƙarin jini. Wasu sun karanta wannan a matsayin izinin daina ɗumama majinyata, kuma a ganina sun yi masa gurguwar fahimta. Abin da ya nuna shi ne babu wata fa'ida a fafutukar kai kowa 37 cif, ba wai 34.5 ba shi da lahani ba, kuma su kansu waɗanda aka riƙe a 35.5 ana auna su ana ɗumama su idan sun nemi yin ƙasa. Majinyacin da babu mai aunawa ba ya tsayawa a 35.5 don kansa. Shi ya sa nake nan a kan digiri 36 a matsayin iyaka, domin tana ba da tazara kafin a kai inda aka tabbatar da cutarwa.

Matakin farko na kariya shi ne aunawa, tun da taɓa goshi da hannu ba awo ba ne. Ga wanda aka sa wa bututun numfashi, wurin da ya fi dacewa shi ne ƙasan bututun da abinci ke bi, daidai bayan zuciya, ko kuma can cikin hanci ta bayan maƙogwaro. Mafitsara tana ba da lamba mai kyau idan fitsari na gudu sosai, dubura kuwa takan yi jinkirin nuna canji. Ma'aunin da ake haskawa a goshi ko a kunne yana iya kaucewa da abin da zai sauya hukunci, saboda haka ba a dogara da shi shi kaɗai a babban aiki. Ga mai allurar baya, ma'aunin ƙarƙashin harshe yana wadatarwa idan an sa shi da kyau. Ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta fitar a 2008, ta kuma sabunta a 2016, ta ce a auna cikin awa ɗaya kafin majinyaci ya bar ɗakin kwanciya, a sake kafin a ba da maganin barci, sannan kowane minti 30 har a gama, kuma kada a fara idan bai kai 36 ba sai dai aikin gaggawa ne. Awon yana da wata fa'ida ta daban, domin shi ne zai nuna idan an wuce gona da iri wajen ɗumamawa, ko idan zafi ya fara hauhawa saboda wata matsala.

Mataki na biyu, wanda na fi ba muhimmanci kuma aka fi tsallakewa, shi ne ɗumama majinyaci kafin a sa shi barci. Tun da matsalar awa ta farko ta samo asali ne daga bambancin zafi tsakanin ciki da gaɓoɓi, maganinta shi ne a rage bambancin tun da wuri. Idan hannuwa da ƙafafu sun riga sun ɗumama, jinin da zai je can ba zai dawo da sanyi ba. Minti 30 a ƙarƙashin bargon da na'ura ke hura wa iska mai ɗumi ya isa, kuma ko minti 10 zuwa 20 suna da tasiri. Ki dubi kuma yadda majinyaci yake isowa: ya kwana bai ci ba, yana sanye da 'yar riga mara nauyi mai buɗaɗɗen baya, an ajiye shi a baranda yana jiran layi. Mutumin da aka bari haka na awa guda ya riga ya yi asarar abin da za a sha wahalar mayarwa a kan tebur, kuma wannan asara ma'aikatan jinya ne suka fi kowa ikon hana ta.

A cikin ɗakin tiyata kuwa, akwai tsohuwar jayayya a kan na'urar sanyaya ɗaki. Likitan fiɗa yana cikin riga a kan riga, ƙarƙashin fitilu, yana gumi, kuma ƙorafinsa na gaskiya ne. Amma majinyaci tsirara yake kuma ba shi da bakin magana. Sulhun da ya dace shi ne ɗaki ya kasance aƙalla digiri 21 muddin majinyaci a buɗe yake, idan an gama rufe shi an kunna abin ɗumamawa sai a rage. Kada a yaye shi sai lokacin wanke fata ya yi, kuma a yaye wurin aiki kaɗai. Mayafi ɗaya yana rage fitar zafi da kusan kashi 30 cikin 100, amma tula uku ba ya kai shi sama da kusan rabi, don haka faɗin fatar da aka rufe ya fi yawan bargunan muhimmanci. Rufi kaɗai ba ya riƙe zafin wanda ake yi wa babban aiki, dole sai an shigar da zafi daga waje a duk aikin da zai wuce minti 30.

Abin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne bargon da na'ura ke hura wa iska mai ɗumi, wanda wani likitan ba da maganin barci ɗan Amurka, Scott Augustine, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980. Akwai kuma katifu da barguna masu ɗumama da lantarki ko da ruwa mai zagayawa. Kowannensu yana da sharaɗi, kuma a nan nake roƙonki ki yi taka-tsantsan, domin fatar mai barcin magani ba ta jin ƙuna, kuma wurin da nauyin jiki ya danne ba shi da isasshen jinin da zai kwashe zafi. Kada a taɓa cusa mesar na'urar iska a ƙarƙashin zane ba tare da bargonta ba, domin iskar takan taru a wuri ɗaya ta ƙone fata. Kada a ɗumama gaɓar da aka datse wa jini. Haka kuma ɗora ledar ruwa mai zafi ko gorar ruwan zafi a jikin majinyaci ya jawo munanan ƙone-ƙone a wurare da yawa, kuma ɗumin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Inda babu na'ura, abin dogaro shi ne ɗumin ɗaki, da rufe kai da hannuwa da ƙafafu tun daga ɗakin kwanciya, da cire zanen da ya jiƙe, da rage lokacin da ake ɓatawa majinyaci yana buɗe.

Ruwan jijiya da jini suna bukatar kulawa ta musamman. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin ɗaki, ko leda ɗaya ta jini da aka ɗauko daga firiji inda ake ajiye shi a digiri 2 zuwa 6, tana rage zafin babban mutum da kusan rubu'in digiri. Wanda aka ƙara wa lita huɗu ya rasa digiri guda ta wannan hanya kaɗai. Saboda haka duk ruwan da ya kai mililita 500, da duk jini, ana ɗumama su zuwa 37 da na'urar da aka yi don haka, ruwan wanke ciki ko mafitsara kuma zuwa tsakanin 38 da 40. Ba a ɗumama jini a tukunyar ruwan zafi ko a na'urar ɗumama abinci, domin zafin da ya wuce kima yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma hakan yana iya kisa. Ki sani kuma ɗumama ruwa yana hana ƙarin asara ne kawai, ba ya mayar da zafin da ya riga ya tafi.

Jarirai sun fi kowa saurin hucewa, domin fatarsu tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsu, kansu babba ne, kitsensu kaɗan ne, kuma ba sa karkarwa yadda manya ke yi. Suna dogara ne da wani kitse mai ruwan ƙasa da ke samar da zafi, wanda maganin barci ke dakushewa. A wurinsu ana ɗaga zafin ɗaki sosai fiye da na manya, a sa musu hula, kuma iyakarsu 36.5 ce. Tsofaffi, da ramammu, da masu ƙuna mai faɗi, da masu ciwon sukarin da ya taɓa jijiyoyi, su ma suna cikin waɗanda ake fara wa shiri da wuri. Akwai ayyukan zuciya da na manyan jijiyoyi da ake sanyaya majinyaci da gangan don kare ƙwaƙwalwa, amma wannan abu ne da ake tsarawa, ake aunawa, ake kuma warwarewa a hankali, bai da alaƙa da sanyin sakaci.

Idan majinyaci ya iso gare ki a ɗakin farfaɗowa, ki auna shi nan take, sannan kowane minti 15. In bai kai 36 ba, ki kunna masa bargon iska, ki ba shi oksijin idan yana karkarwa, domin karkarwa tana cin oksijin da yawa, tana jan ɗinki tana ƙara ciwo, tana kuma rikita awon hawan jini da na bugun zuciya. Likita yana iya ba da ɗan ƙaramin adadi na maganin kashe ciwo da ake kira fetidin, wanda ya fi sauran magungunan dangin sa tsayar da karkarwa, amma tsayar da ita ba ɗumamawa ba ne, dole a ci gaba da mayar da zafin. Ba kowace karkarwa ce ta sanyi ba: idan zafinsa daidai ne ko ya haura, a yi tunanin ciwo, ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, ko jikinsa ya ƙi jinin da ake ƙara masa, kuma a sanar da likita ba tare da ɓata lokaci ba. Kada a mayar da shi ɗakin kwanciya sai ya kai digiri 36, kuma a rubuta lambar a takardarsa tare da hawan jini da bugun zuciya, domin wanda zai karɓe shi ya san daga inda zai ci gaba.